Yadda Alhaji Bappayo Ya Ɗauki Lauya

Alhaji Bappayo bai taɓa taka ofishin lauya ba sai da ya haura shekara sittin a duniya. A ganinsa mutum ba ya neman lauya sai an kama ɗansa da laifi, ko 'yan uwa sun yi rigimar gona har ta gagari dattawa. Shi kuwa a cikin 'ya'yansa ba wanda ya taɓa kwana a hannun hukuma, gonar gado kuma tun shekarar da mahaifinsu ya rasu suka raba ta cikin girma da arziki.

A ruga aka haife shi, can wajen Dukku, ya tashi yana bin shanu. Da ya yi aure sai ya shigo Gombe ya kama dillancin dabbobi, ya sayi fili a Malam Inna lokacin da rabin unguwar gonaki ne. Sana'ar da ta ɗaukaka shi kuwa daga ɗakin girkin matarsa ta fito. Hajiya Iklima gwana ce wajen kindirmo, maƙwabta kullum suna aikowa da kwanuka, sai wata rana ya sayo mata firji. Firji ya zama biyu, daga nan aka kama shago a Tudun Wada, daga baya kuma ya buɗe ƙaramar masana'anta a Arawa, inda ake dafa madara a zuba ta a robobi masu hoton farar saniya. Sunan da ke jikin robar shi ne Kosam Bappayo, wato nonon Bappayo da Fulatanci. Ma'aikatansa sun kusa ashirin. 'Yarsa Najeeba, wadda ta gama jami'a, ita ke kula da ciniki da masu sari.

Madarar daga rugagen danginsa take zuwa. Kullum da sassafe akori-kura ke zagayawa ta kwaso ta kafin rana ta yi zafi. Shugabar matan da ke tatsa ita ce Goggo Suwaibatu, autar su mahaifinsa, wadda shekara kaɗan ta ba shi amma har yau idan ta ɗaga murya sai ya sunkuyar da kai. Ban da shi akwai wani kamfani daga Kano da ke sayen abin da ya rage. Kamfanin ba ya biya hannu da hannu, matan kuma ba su da asusun banki, don haka ake turo kuɗinsu ta asusun Alhaji, shi kuma ya ciro ya kai wa Goggo ranar kasuwa ta raba. Haka ma 'yan uwansa maza: idan sun loda shanu zuwa kudu, asusunsa suke bai wa masu saye. Bai taɓa cin ko sisi a ciki ba, bai kuma taɓa tunanin abin zai zama magana ba.

Wani sabon otal ne ya fara jawo zancen haraji. Sun ɗanɗana Kosam, ya yi musu, suka ce za su riƙa ɗauka duk mako, amma sai an kawo takardar shaidar biyan haraji.

"Baba, mu je wurin Barista Millicent," in ji Najeeba. "Yayar ƙawata ce, harkar haraji kawai take yi."

"Lauya? Me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Tambaya za mu yi."

"To in wani ya gan ni ina hawa benen lauya fa? Kafin la'asar an kai labari kasuwar shanu cewa Bappayo na shari'a."

Sai da Hajiya Iklima ta sa baki sannan ya yarda. Duk da haka da suka isa, ya sa direba ya ajiye su nesa da ginin, suka taka da ƙafa.

Ofishin yana saman wani kantin magani, ɗaki biyu ne da fanka mai ƙara. Barista Millicent 'yar Kaltungo ce, doguwa, ta kai shekara arba'in, tana da tabarau rataye a wuya. Ta miƙe ta gaishe shi da ladabi, ta sa aka kawo masa ruwa, sannan ta saurari Najeeba har ta gama bayani. Ta tambayi ko suna biyan haraji, Alhaji ya ce duk shekara yana biyan abin da aka ce ya biya. Ta tambayi ko hukuma ta taɓa rubuto musu wata takarda ta tuhuma, ya ce a'a.

"To Baba Alhaji, wannan ba aikina ba ne," in ji ta. "Akanta kuke buƙata. Shi zai tattara muku lissafi, ya cike abin da ake cikewa, ya karɓo shaidar. In na karɓi aikin nan ni ma wurinsa zan kai, in caje ku ninki."

Alhaji ya dubi 'yarsa, ya sake duban lauyar. Shi da ya saba da dillalai, bai taɓa ganin wanda ciniki ya zo masa har gida ya kore shi ba.

"To yaushe ne aikinki?"

Ta murmusa. "Ranar da aka rubuto maka abin da ba ka yarda da shi ba, musamman in an sa maka wa'adi. Ko aka gayyace ka amsa tambayoyi. Ko kuma za ka shigo da wani cikin kamfanin, ko ka sayar da shi. A nan kada ka sa hannu a komai sai ka zo. Ina fata ba za ka buƙace ni ba."

Ta rubuta musu sunan wani akanta a Tudun Wada. Da Alhaji ya sa hannu a aljihu ta ɗaga masa hannu, ta ce ba ta karɓar kuɗin nuna hanya. Washegari ya aika mata da katan ɗin Kosam. Akanta ya yi aikinsa, shaida ta fito, otal ya fara ɗaukar kaya, Alhaji kuma ya manta da benen saman kantin magani.

Bayan kusan shekara, ana tsakiyar damina, wani ma'aikacin hukumar haraji ya zo masana'anta a kan babur ya miƙa wa Najeeba takarda, ta sa hannu ta karɓa. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune, sannan ta kira mahaifinta. Hukuma ta duba abin da ya shiga asusunsa cikin shekarun baya, ta ga ya ninka abin da ya bayyana a matsayin cinikinsa sau da yawa. Don haka an yanka masa sabon haraji a kan duka, haɗe da tara. An ba shi wata guda: ko ya biya, ko ya rubuto dalilin da ya sa bai amince ba. Abin da aka yanka, ko ya sayar da masana'antar da injinanta ba zai cike ba.

Ranar Alhaji bai ci abincin rana ba. Da la'asar ya zauna a ƙofar gida kan darduma, sai ga Wakili, tsohon abokinsa tun zamanin dillanci, mutum mai faran-faran wanda ba ofishin da bai san wani a ciki ba. Ya ji labari, ya kwashe da dariya.

"Wannan ne ya hana ka cin tuwo? Alhaji, takardar tsoratarwa ce. Ka ajiye ta ƙarƙashin katifa. Akwai yaron wajena a ofishin, zan kai ka ka gan shi, ka ɗan yi masa alheri, magana ta mutu."

"Kuma ta mutu ke nan?"

"In ta tashi baɗi, sai a sake kwantar da ita."

Wannan kalmar ce ta tsaya wa Alhaji a rai. Shi mutum ne da ba ya son abin da za a riƙa kwantarwa duk shekara. Ga shi kuma bai ci haƙƙin kowa ba, don me zai shiga ta bayan gida kamar mai laifi? Amma bai musa wa Wakili ba, ya ce zai yi shawara.

Da ya shiga gida ya tarar da Najeeba da mahaifiyarta suna jiransa.

"Baba, na kira akanta," in ji Najeeba. "Ya ce shi lissafi ya sani, wannan kuwa jayayya ce da hukuma. Ya ce in wa'adin ya wuce ba mu rubuta komai ba, abin da suka yanka ya zauna."

"Wakili ya ce..."

"Alhaji," Hajiya Iklima ta katse shi a hankali, "Wakili ne zai sa hannu, ko kai?"

Washegari da hantsi ya ce wa direba ya tsaya daidai ƙofar kantin magani.

Barista Millicent ta sa tabarau ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Sannan ta tambaye shi ranar da aka kawo ta, ta rubuta. Ta ce ya ba ta labarin asusun nan, kada ya rage komai, ko abin da yake ganin bai da amfani.

"Abin da ka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya," in ji ta. "Amana ce tsakanin lauya da wanda ya ɗauke shi. Don haka kada ka gyara mini labari."

Ya ba ta labarin matan ruga da kamfanin Kano, da 'yan uwansa masu lodin shanu. Ta jinjina kai.

"Ka ga mutanen nan ba ƙarya suka yi maka ba. Sun ga kuɗi sun shiga asusu mai sunanka, ba wanda ya gaya musu na wasu ne. Aikinmu shi ne mu nuna musu, da hujjar da doka ta yarda da ita. Wannan kam aikina ne."

Ta faɗi kuɗin aikinta tun kafin a fara. Jinin dillanci ya motsa, Alhaji ya gyara zama ya taya ƙasa sosai. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce ita ba saniya take sayarwa ba, amma ta yarda ya biya kashi biyu. Suka shirya.

Cikin kwanaki kaɗan ta rubuta takardar ƙin amincewa, ta kai da kanta, aka buga mata hatimin karɓa. Ta ce yanzu ƙofa ba za ta rufe ba, sai a nutsu a tara hujja. Ta rubuta wa kamfanin Kano suka aiko da bayanin duk madarar da suka saya da kuma ko ta wace ce. Ita da akanta da Najeeba suka zauna suna tsefe abin da ya shiga asusun, suna ware na Kosam daban, na mata daban, na masu shanu daban.

Ana cikin haka ta kira Alhaji ta ce ya zo shi kaɗai.

"Baba Alhaji, akwai abin da na gani. Ma'aikatanka, kana cire musu haraji daga albashi ka kai wa hukuma?"

"In cire daga ɗan abin da nake ba su? Ai da kunya."

"Ba duka ba, ƙananan ba ya hawa kansu. Amma manyan, irin su manajanka da mai kula da injina, doka ta ɗora maka ka cire ka kai. Ba ka yi ba. Wannan gaskiyar hukuma ce, kuma zan faɗa musu da bakinmu."

Ran Alhaji ya ɓaci. "Ke ba ni na ɗauke ki ba? Su ba su tambaya ba, ke za ki kai musu?"

"Kai ka ɗauke ni, shi ya sa nake gaya maka a nan kafin su gaya maka a can. Za su gani, don duk yana cikin takardun da za mu ba su. In mu muka fara faɗa, za su yarda da sauran maganarmu, kuma ina da bakin roƙon a sassauta tara. In su suka tono, ko gaskiyar matan ruga sai sun yi shakkarta. Amma ba zan buɗe baki ba sai ka amince."

Ya shiga jan carbi. Can ya nisa ya ce, "Nauyi ne a kaina ban sauke ba?"

"Eh."

"To a faɗa."

Saura shaidar matan. Barista ta ce takardar kamfani kaɗai ba ta isa ba, sai su da kansu sun tabbatar cewa kuɗin yana isa hannunsu. Alhaji ya ce zai kawo su gari, ta ce a'a, gara ta fara zuwa ta gan su a inda suke, ta ji daga bakinsu ba tare da sun firgita da bene da fanka ba.

Suka tafi wata Asabar a akori-kurar madara, ita da Najeeba a gaba kusa da direba, Alhaji kuwa ya hau baya tare da gwangwanaye, ya ce iskar ta fi masa. An yi ruwa daren jiya. Bayan sun bar kwalta motar ta kafe a wani kwari, dole kowa ya sauka. Barista ta dubi takalminta mai tsini, ta cire shi ta riƙe a hannu, ta tattare zane ta taka taɓo har idon sawu. Haka ta shiga rugar, ƙafa duk laka, jaka a kafaɗa.

Goggo Suwaibatu na zaune gindin tsamiya tana burga nono. Ta ƙare wa baƙuwar kallo, ta tambayi Alhaji da Fulatanci ko wannan ce alƙaliyar. Ya ce lauya ce. Ta ce duk ɗaya ne, ta sa aka kawo ruwa a ƙwarya aka wanke wa baƙuwa ƙafa.

Da farko matan sun ƙi magana. Jin kalmar haraji kawai ya sa wasu suka fara zamewa bayan bukkoki, don a wurinsu haraji jangali ne, ana ƙirga shanu a karɓe. Barista ba ta buɗe jaka ba. Ta karɓi ƙwaryar fura ta sha sosai, ta ce da Najeeba ta fassara musu: kakarta a Kaltungo tana da ƙawa Bafulatana da ke kawo mata nono ta ba ta dawa, kuma tun rasuwar kakar ba ta sha fura mai daɗin wannan ba. Goggo ta tambayi sunan ƙawar. Barista ta ce ita dai Adda take ji ana kiranta. Matan suka fashe da dariya, suka ce ai rabin matan duniya Adda ne, don da Fulatanci haka ake kiran kowace yaya mace. Waɗanda suka ɓuya suka fara dawowa.

Sannan ta yi musu bayani da Hausa mai sauƙi, Najeeba na juyawa. Ba shanunsu aka zo ƙirgawa ba. Hukuma ta ɗauka kuɗin nononsu na Bappayo ne, tana so ya biya haraji a kai. Abin da ake so kawai su faɗi gaskiya: yana kawo musu ko ba ya kawowa?

Goggo ta ajiye maburgi. "Bappayo? Yaron da na goya? Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ya zo ranar kasuwa. Sau ɗaya ya makara, shi ma matarsa ce ba lafiya." Ta juya ga Alhaji. "Kai kuma shi ne ba ka faɗa mini ba sai yau?"

Alhaji, da furfurarsa da komai, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Mako na gaba Goggo da mata biyu da ɗaya daga cikin masu shanu suka zo Gombe, Barista ta kai su aka yi takardar rantsuwa, suka dangwala yatsa.

Ranar zama a ofishin haraji Alhaji ya sa babbar riga fara, ya zo da shirin faɗa. Bai samu abokin faɗa ba. Jami'in da ke riƙe da maganarsa, Malam Mu'az, matashi ne mai sanyin murya, ya tashi ya ba shi kujera, ya kira shi Baba. Tun a mota Barista ta ce masa ya amsa abin da aka tambaye shi kawai, in bai sani ba ya ce bai sani ba, sauran ya bar mata.

Ta fara da maganar albashin ma'aikata. Malam Mu'az ya ɗaga kai ya dube ta, ya rubuta. Daga nan ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, tana miƙa takarda tana faɗin sashen dokar da ta dogara da shi. Ya yi tambayoyi masu yawa, wasu ma sun yi tsauri. Akwai wasu kuɗaɗe na masu shanu da ba a samu kowace shaida a kansu ba, domin mai su ya yi ƙaura zuwa Taraba, wayarsa kuma ba ta shiga. Malam Mu'az ya ce waɗannan ba zai iya cire su ba. Barista ta ja, ya ja, a ƙarshe ta duƙo ta ce wa Alhaji a hankali, "Za mu iya ɗaukaka ƙara a kan wannan, amma abin da za ka kashe ya fi abin da za ka tsira da shi. Shawarata a bar shi." Alhaji ya gyaɗa kai.

Ba a ranar aka gama ba. An sake zama, aka kuma jira amsa daga na sama, har Alhaji ya fara ƙorafin cewa shari'ar gona ma ta fi wannan sauri. Damina na shirin ɗaukewa sabuwar takarda ta fito. An cire kuɗin mata gaba ɗaya, an cire mafi yawan na masu shanu, an rage tara. Abin da ya saura shi ne harajin ma'aikata da ɗan abin da ba a samu shaidarsa ba, an kuma yarda ya biya kashi-kashi. Ba ƙaramin abu ba ne, sai da ya sayar da bijimai biyu ya kuma ɗage sayen sabon janareta. Amma masana'anta ba ta tsaya ko yini ɗaya ba.

Da ya je biyan kashi na biyu na kuɗin aikinta, ya zauna ya sha ruwa, ya ce, "To Barista, mun rabu lafiya."

"Saura abu ɗaya. In ka ci gaba da karɓar kuɗin mutane a asusunka, bayan 'yan shekaru za ka sake hawa benen nan. Masu shanu kowa ya buɗe nasa. Matan kuma a yi musu rajistar ƙungiyar gama kai, su samu asusu da sunansu. Na masana'anta ma a raba shi da na aljihunka."

"Goggo ba za ta yarda ba. Ba ta yarda da banki."

"Ka tambaye ta?"

Bai tambaye ta ba. Da ya je ya tambaya, Goggo ta ce ita tun tuni take son ta ga inda kuɗin ke kwana kafin su iso gare ta, ba wanda ya taɓa yi mata tayi ne. Sai dai sunan ƙungiya ya ɗauki mako biyu ana gardama, don matan kowace ruga na son a sa sunan tasu. A ƙarshe suka haɗu a kan sunan rafin da duk shanunsu ke sha.

Ranar buɗe asusu mata biyar suka shigo gari cikin adonsu na biki, da 'yan kunne manya da azurfa a hannu. Sanyin na'urar banki ya sa Goggo ta ja mayafi ta rufe kunnuwa, ta tambayi ko a nan kullum hunturu ne. Da aka zo ɗaukar hoto ma'aikaciyar ta ce ta kalli gaba kada ta yi dariya, sai dariya ta kama ta, sauran ma suka kama, aka yi ta sakewa. An zaɓi uku da za su riƙa dangwala yatsa kafin a ciri kuɗi, ita da wasu biyu. Barista Millicent ta tsaya a gefe har aka gama, ta duba takardun, ta miƙa wa Goggo kwafinsu a cikin leda.

"Useko," in ji Goggo, ta riƙe hannunta da hannu biyu tana godiya. Sannan ta ce da Najeeba ta gaya mata, duk ranar da ta sake zuwa ruga ta zo da takalmin kirki.

Daga banki gidan Alhaji suka wuce gaba ɗaya, har da Barista, don Hajiya Iklima ta ce ba mai tafiya bai ci abinci ba. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, da dambun nama. Barista ta zauna a ƙasa cikin mata tana ci da hannu, Hajiya Iklima na ƙara mata tana cewa ta rame, aikin takarda ba ya ƙiba. Alhaji na zaune a kujerarsa daga bakin zaure tare da Wakili, wanda ya ji ƙamshi ya shigo.

"Ni fa da ka bi tawa da ba ka sayar da bijimai ba," in ji Wakili yana tauna.

"Haka ne," in ji Alhaji. "Ƙara miya."

Wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas, irin na ƙarshen damina mai zuwa da iska. Goggo ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ce su tashi, in rafi ya cika sai dai su kwana a hanya, ga shanu ba a tatsa ba. Aka yi ta haramar tafiya, Hajiya Iklima na cusa musu sabulu da atamfa a jaka, su kuma suna cewa ya isa. Najeeba ta ɗauko mota za ta sauke Barista a ofis. Alhaji ya raka su Goggo har bakin akori-kura, ya taimaka mata ta hau gaba, ya ce wa direba ya bi ta sabuwar hanya ko da ta fi nisa. Ya tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana, sannan ya kwashe dardumarsa da ke shimfiɗe a wurin ya shiga ciki, don an fara yayyafi.